L.A. Noire: Wasan da ake cin sa da karanta fuskar maƙaryaci

Yawancin wasannin bidiyo da matasa ke rububi a kansu harbi ne, ko ƙwallo, ko tseren mota. L.A. Noire, wanda kamfanin Rockstar Games ya fitar a watan Mayun 2011, shi ma akwai bindiga da mota a cikinsa, amma babban makamin ɗan wasa shi ne idonsa da ɗan littafin aljihu.

Labarin yana gudana ne a birnin Los Angeles na Amurka a 1947. Kai ne Cole Phelps, tsohon soja da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga aikin ɗan sanda. Daga sintiri a titi ake ɗaga shi zuwa sashen laifukan motoci, sai na kisan kai, sai na miyagun ƙwayoyi, daga ƙarshe a jefa shi sashen gobara. In an kira ka inda aka yi ta'asa, kai za ka durƙusa ka duba gawa, ka laluba aljihu, ka rubuta duk abin da ka tsinta.

Ni dai abin da ya riƙe ni shi ne zaman tambayoyi. Kamfanin Team Bondi na birnin Sydney a Ostireliya, wanda ya ƙera wasan, ya zaunar da 'yan fim na gaske a tsakiyar kyamarori 32 ya ɗauki motsin fuskokinsu. Don haka idan ka jefa wa mutum tambaya, sai ka zuba masa ido. Ya kawar da kai? Ya haɗiye yawu? Zaɓi uku gare ka: ka yarda da shi, ka nuna shakka, ko ka ce ƙarya yake. Amma fa in ka ce ƙarya, dole ka zaro hujja daga littafinka, in ba haka ba ya ja bakinsa ya tsuke, bayanin ya wuce ka. Gaskiya wasu 'yan fim ɗin sun cika gishiri, har yaro ma ya gane ƙaryarsu. 'Yan wasa kuma sun koka cewa da zarar an zaɓi shakka sai Phelps ya hau mutum da masifa, kuma da aka sake fitar da wasan a 2017 an sauya sunayen zaɓin.

Wasan ba ya tsayawa ya gyara maka. Kana iya tura wanda ba shi ba ne gidan yari, labari ya ci gaba abinsa. Wannan nauyin yanke wa mutum hukunci, a ganina, shi ke sa a kasa ajiye shi.

Wanda bai buga ba ya yi haƙuri, zan ɗan fasa ƙwai. Sashen kisan kai an jingina shi ne da kisan Elizabeth Short, wadda jaridu suka laƙaba wa Black Dahlia, kisan gaske da aka yi a Janairun 1947 kuma har yau ba a gano wanda ya yi shi ba. A cikin wasan, kana kama mutane ɗaya bayan ɗaya kan kashe-kashen mata, ana ta yi maka jinjina, ashe duk ba su ba ne. Da Phelps ya cim ma mai laifin na ainihi, sai ya kasance ɗan'uwan wani babban ɗan siyasa ne. Manya suka ce a rufe maganar, a sallami waɗanda aka tsare a asirce, kada jarida ta ji.