Tramol da manufar «rage illa» a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan nazari muna so mu bayyana wata manufa ta kiwon lafiyar jama'a, wadda ake kira «réduction des risques» da faransanci, sa'an nan mu duba abin da za ta iya tsinanawa a gundumomi uku na jahar Maraɗi, watau Agye, da Gazawa wadda aka cire daga Agye a 2011, da Gidan Rumji. Mun zaɓi mu fassara ta da «rage illa» maimakon «rage haɗari», domin da an ce haɗari hankalin Bahaushe kan tafi ga mota ko ga hadarin ruwa in ba a furta kalmar daidai ba, alhali illa kowa ya san ta a jikinsa.

Tushen manufar shi ne: akwai masu shan ƙwaya da ba za su iya bari yau ko gobe ba, kuma wajibin likita ne ya tsare ransu har zuwa ranar da za su iya. Ta samo asali a Turai cikin shekarun 1980, lokacin da cutar sida ta shiga cikin masu yi ma kansu allurar heroyin. A Amsterdam an fara musayar tsofaffin allurai da sababbi a 1984. Faransa ta sake sayar da sirinji ba tare da takardar likita ba a 1987. A yankinmu, Senegal ce ta buɗe cibiyar CEPIAD a asibitin Fann na Dakar a ƙarshen 2014, inda ake ba da metadon.

2. Abin da ake sha a nan

Kayan aikin da muka lissafa an ƙera su ne don mai allura. A kasuwannin Caduwa ko Tibiri ko Gazawa, matsalar da ta fi yawa ta haɗiya ce, kuma sunanta tramol.

Tramadol maganin ciwo ne na dangin ofiyom, wanda kamfanin Grünenthal na Jamus ya fara sayarwa a 1977. Likita kan ba da miligiram 50 ko 100, kuma ba ya wuce 400 a yini. Ƙwayoyin da ke yawo a faifan ƴan talla da teburan kasuwa kuwa na ɗauke da 120, ko 200, ko 225, har 250 a ƙwaya guda. Biyu ke nan daga masu 200 ko fiye sun kai mutum iyaka ko sun ƙetare ta. Mafi yawansu daga Indiya suke, suna shigowa ta tashoshin ruwan gaɓar teku, su hauro arewa. Iyakar Katsina ba ta da nisa da ko ɗaya daga cikin gundumomin ukun, kuma babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta ratsa su duka. Tun a 2012 Djibo Douma Maiga da abokan aikinsa suka wallafa bincike a kan shan tramol tsakanin samarin titi a Yamai. Da Indiya ta tsananta dokarta a 2018, sai wasu ƙwayoyi suka biyo baya: a watan Fabrairun 2025 binciken BBC ya bayyana wani haɗi na tapentadol da karisoprodol, ana sayar da shi a Afirka ta Yamma da sunaye irin su Tafrodol. Mai saye ba ya rarrabewa. Duk tramol yake ce masu.

Su wane ne masu shan? A nan ya kamata mu tsaya a kan kalmomi. «Ɗan ƙwaya» zagi ne, yana nufin ɗan iska marar aikin yi. Amma ɗan barema da ke noman gonar wani tun safe har la'asar cikin damana, da ɗan kabu-kabu, da mai dako, da mai haƙar rijiya, ba su ɗaukar kansu ƴan ƙwaya. Abin da suke jefawa cikin shayi ko kofi, a bakinsu maganin gajiya ne ko maganin ƙarfi. Duk sanarwar rediyo da ta fara da «ƴan ƙwaya» ta riga ta wuce ta kan waɗannan mutane, domin sun ji ba da su ake ba.

3. Lokacin da ƙwaya ta fi ƙarfin mutum

Hausa ba ta da kalma guda da ke daidai da «surdose». Muna da «ya bugu», wadda ke nuna maye, ba ta nuna mutuwa na kusa. Muna ganin «ƙwaya ta fi ƙarfinsa» ta fi dacewa, don tana sa mai ji ya tashi tsaye.

Tramol na kisa ta hanya biyu, kuma kowace na da fassarar da ke ɓatar da mutane.

Ta farko ita ce danne numfashi. Mutum ya kwanta, a kira shi ba ya amsawa, numfashi ya ragu ko ya koma minshari mai nauyi, leɓɓa su sauya launi, baƙin ido ya tsuke. Abokai sai su ce kwana yake, a bar shi ya huce. Wannan barin shi ne ke kashewa. Abin ya fi muni in an haɗa tramol da diyazefam ko da giya, domin dukansu numfashin suke dannewa. Haka kuma wanda ya daɗe bai sha ba, misali wanda ya fito daga gidan kaso ko aka tsare shi a gidan mari, jikinsa ya manta. Adadin da ya saba sha a da na iya kai shi kabari a ranar farko.

Ta biyu ita ce jijjiga irin ta farfaɗiya, wadda tramol ya shahara da ita fiye da sauran danginsa. A ƙauyukanmu har yanzu mutane da dama na jin farfaɗiya aikin iskoki ce, ko kuma ana ɗaukar ta ta yawun mai ita. Ba a ɗaukar ta ta yawu ko ta taɓawa. Amma saboda wannan tsoro sai a ja da baya a zura ido, ko a cusa masa cokali a baki, ko a ɗura masa nono wai don ya karya ƙwayar. Ruwa ko nono a bakin wanda ya suma huhu yake gangarawa.

Abin yi kaɗan ne, kuma ba ya bukatar boko: a kawar da wuta da abin da zai ji masa rauni, kada a sa komi a bakinsa, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi a kan gefensa, kada a bar shi shi kaɗai, a nemi amalanke ko mota zuwa gidan likita mafi kusa, a tafi da fatar ƙwayar da ya sha. Jijjigar da ta wuce minti 5 ba ta jiran shawara.

Akwai makari, sunansa nalokson. Yana maido da numfashi cikin mintoci kaɗan, kuma tun a 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sa shi hannun duk wanda zai iya tarar da irin wannan suma, ko da ba ma'aikacin lafiya ba ne. Sai dai a faɗi iyakarsa: ba ya tsayar da jijjiga, ba ya karya diyazefam ko karisoprodol, kuma ƙarfinsa na ƙarewa cikin minti 30 zuwa 90, tramol kuwa yana nan a jini. Wanda ya farfaɗo na iya sake suma a hanyar gida. Don haka a ra'ayinmu wurin da ya fi cancanta a fara ajiye shi shi ne cibiyoyin CSI da ƙananan ɗakunan lafiya na ƙauye, inda majinyaci ke fara isa, tun kafin asibitin gunduma.

4. Masu suka

Ana cewa koya ma mutum yadda zai tsira daga ƙwaya ba shi izinin sha ne, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sukar na da nauyi, ba mu raina ta. Amma malaman fiƙihu sun san ƙa'idar zaɓen mafi sauƙin cuta biyu, kuma Iran, wadda ba a zargi da sakaci a wannan fage, ta daɗe tana ba da metadon.

Babban cikas shi ne tsoro. Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Nijar, mai lamba 99-42 ta watan Satumban 1999, na hukunta sha kansa, ba fatauci kaɗai ba. A 2014 kwamitin Afirka ta Yamma da Olusegun Obasanjo ya shugabanta ya nemi a ɗauki shan a matsayin batun lafiya. Muddin saurayin Cadakori na jin kai abokinsa likita zai ƙare a hannun jandarma, zai jira gari ya waye, kuma ko ya kai shi zai ce ma malamin asibiti zazzaɓi ne.