Yaƙin jiragen iska tsakanin Ingila da Faransa

Nan Arewa ba mu da teku. Amma akwai wani yaƙi da aka yi bisa teku wanda ya shafe mu. Ga labarinsa.

A da, jirgin ruwa ba shi da inji. Da katako ake yin shi. Ana kafa mai dogayen itatuwa ukku, a ɗaura manyan ƙyallaye. Iska ta bugi ƙyallen, jirgi ya tahi. In iska ta tsaya, jirgi ya tsaya.

Jiragen yaƙi iri-iri ne. Akwai manya masu igwa 74 ko fiye. Su kamar ƴan lifida suke: ga ƙarfi, ga nauyi. Akwai kuma wani madaidaici da ake kira firigat. Yana ɗauke da igwa 28 zuwa 44, da mutum 200 ko 300. Shi kamar mahayin doki ne mai sauri. Shi ka leƙo abokan gaba ya kawo labari. Shi ka rakiyar jiragen fatake. Shi ne kuma ka tare hanya ya kama jiragen fataken abokan gaba, kamar yadda ake tare ayari.

In firigat biyu suka haɗu, kowa ƙoƙari yake ya juya ma ɗan'uwansa gefe, don igwa a gefen jirgi take. Ƴan Faransa sun fi harbin ƙyalle da igiya, don jirgi ya kasa tahiya. Ƴan Ingila sun fi harbin jikin jirgi. Tsagin katako na tashi yana yankan mutane.

To, mi suke nema a bakin tekun Afirka? Kasuwa. A San Luwi, bakin kogin Sanigal, ana sayen ƙaro, ana sayen bayi. Ingila ta ƙwace garin daga hannun Faransa a 1758. Faransa ta karɓe shi a 1779. Ingila ta sake kama shi a 1809. Da yaƙi ya ƙare a 1815, aka shirya a maida ma Faransa.

A 1816 Faransa ta aiko wani firigat mai suna Meduz don karɓar garin. Ya kahe cikin rairayi kusa da gaɓar Muritaniya. Aka ɗaure katakai, mutum wajen 150 suka hau. Bayan kwana 13, mutum 15 kaɗai aka iske da rai.

Irin waɗannan jirage sun yi wani aiki kuma. Ingila ta hana fataucin bayi a 1807. Daga 1808 jiragenta suka dinga tare jiragen bayi, suna sauke mutanen a Firitawun, ƙasar Saliyo. Cikinsu har da Hausawa.

Kun ga, wanda ya riƙe bakin kogi shi ka samun hanyar shiga ƙasa. Daga Sanigal Faransa ta yi ta matsowa gabas. A 1899 sojan Voulet da Chanoine suka iso Lugu, inda Sarauniya ta yi yaƙi da su. Ingila kuwa ta biyo Kwara daga kudu, ta ci Sakkwato a 1903. Ƙasashen biyu suka zauna a 1898, 1904 da 1906, suka ja iyaka. Dogon Dutsi da Tibiri suka faɗa hannun Faransa, Argungu hannun Ingila. Shi ya sa ɗanka ke koyon faransanci a lakkwal, ɗan ɗan'uwanka a Kabi na koyon ingilishi.

Tambayoyi
1. Mi ke tura jirgin iska?
2. Faɗi aiki biyu na firigat.
3. Don mi Ingila da Faransa suka yi ta faɗa kan San Luwi?