Idan Bugun Matashin Ɗan Wasan Softbol Ya Ja Baya

Softbol wasa ne da aka fara a birnin Shikago na Amurka a 1887, inda ake jefo ƙwallo ta ƙasan kafaɗa, mai bugu kuma ya doke ta da sanda. Matashi kan yi ta kuskuren ƙwallo wasa bayan wasa, kuma galibi fargaba ce ke tsawaita matsalar, domin tana sa shi ƙanƙame sanda da gaggawar kai bugu. Masu horarwa kan mayar da shi turken atisaye, wato gungumen roba da ake ɗora ƙwallo a kai, su gyara abu ɗaya tak, kamar tsayuwar ƙafa. Surutun iyaye a bakin fili ƙara rikita shi yake yi, alhali mai bugun da ya dace sau 3 cikin 10 ma gwani ne.