Ɗan Zango da Digirin Tarihi: Wace Jami'a Ce Za Ta Koya Masa Labarin Gidansu?

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar kammala sakandare ya fito, gidajen Hausawa a Nima ta birnin Akara, da zangon Kumasi, da unguwar Briketeri ta Yawunde, har da na Landan, sukan zauna shawarar abin da yaro zai karanta. Likitanci da injiniyanci da lauya ba su shan gardama. Amma da zarar yaro ya ce ransa na kan tarihi, sai zaure ya yi tsit, can sai uba ya gyara zama ya ce, "Tarihi kuma, ɗana? Da shi za ka ci abinci?" Idan Allah ya sa aka shawo kan dattijo, sai wata tambayar ta taso, wadda ta fi ta farko wuyar amsawa: a wace jami'a?

Ga ɗan Kano ko ɗan Maraɗi, tambayar ba ta wuce ta kuɗin makaranta da nisan gida ba. Ga wanda aka haifa a zango kuwa, ta fi haka nauyi, domin jami'ar da ya zaɓa ita za ta yanke ko zai fito da sanin tarihin wasu kawai, ko kuwa zai fito yana iya tono na al'ummarsa, wanda galibi babu shi a manhajar ƙasar da yake zaune.

Tarihi hujjar zama ne

Hausawan ƙetare sun fi kowa sanin cewa rashin rubutaccen tarihi yana da tsada. A ƙarshen shekarar 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Ghana ta umarci baƙin da ba su da takardun zama su bar ƙasar cikin mako biyu. Zanguna suka girgiza, aka kwashe mutanen da ba su san wata ƙasa ba sai wadda aka haife su a cikinta, alhali fataken goro na Hausawa sun daɗe suna zuwa Salaga da Gwanja tun kafin a yi wata ƙasa mai suna Ghana.

A Sudan ma haka labarin yake. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da jama'arsa, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Bulu Nayil, kusa da Sinnar. Mahajjata da dama da suka yada zango a hanyar Makka sun zauna, sun yi noman auduga a Jazira. Duk da haka, a shekarar 2022 rikicin ƙasa da sarauta ya ɓarke a jihar Bulu Nayil, aka yi asarar rayuka masu yawa, kuma a tsakiyar rigimar akwai tsohuwar maganar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Al'ummar da ake yi wa irin wannan tambaya tana bukatar 'ya'yanta da za su iya buɗe kundi su nuna shekara da wuri da suna.

Har yanzu mafi yawan abin da duniya ta sani game da zanguna baƙi ne suka rubuta shi. Ivor Wilks ya yi aiki kan Musulmin ƙasar Asante, Paul Lovejoy ya rubuta tarihin fataucin goro, Abner Cohen ya yi nazarin unguwar Sabo ta Ibadan. Sun yi ƙoƙari, kuma ana amfana da aikinsu. Daga cikinmu akwai Farfesa Mahdi Adamu, wanda littafinsa na 1978 ya bi sawun Hausawa a faɗin Afirka ta Yamma, da Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum da ya yi bincike kan Hausar Sudan. Sai dai ba su da yawa, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Kayan aikin kuma suna nan a gida. A gidajen limamai da sarakunan zango da yawa akwai tsohuwar adaka a ƙuryar ɗaki, cike da gafakar fata. Ka kwance igiyar, ka ga takardu sun yi ja, gefensu gara ta taɓa: wasiƙar wani maigida zuwa ga abokin cinikinsa, lissafin bashin huhun goro, rabon gado da sunayen shaidu, wasu da Larabci, wasu da ajami. Jikan da ya gaji adakar ya iya Turanci ko Faransanci, amma bai iya karanta ko layi ɗaya a ciki ba. Jami'ar da ta dace da ɗan zango ita ce wadda za ta sa ya iya.

Hanyoyi uku

Hanya ta farko ita ce yaro ya yi karatu a ƙasar da yake. Ɗan Ghana yana da Jami'ar Ghana da ke Legon, wadda aka kafa a 1948. Cibiyar Nazarin Afirka ta wannan jami'a, da Kwame Nkrumah ya buɗe a 1963, ta tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami daga sassan ƙasar, ciki har da na Alhaji Umaru na Kete-Karachi, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga ya kuma rasu a 1934. Ga ma'ajiyar takardun gwamnati a Akara da rassanta a Kumasi da Tamale. Ɗan Kamaru yana da jami'o'in Ngawundere da Marwa, a yankin da tarihin Adamawa ke raye. Amfanin wannan hanya shi ne kuɗinta da sauƙi, dattawan da za a yi hira da su suna kusa, kuma takardar shaidar za ta yi aiki nan take. Illarta ita ce ana iya shekara huɗu ba a ambaci zango a aji ba, sai ɗalibi ya nema da kansa. A Sudan kuwa, yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya tarwatsa karatu a Khartum, ya tilasta wa iyalai da yawa duba wasu ƙasashen.

Hanya ta biyu ita ce komawa ƙasar Hausa. Sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda Abdullahi Smith ya aza harsashinsa, Yusufu Bala Usman ya ɗaga darajarsa, ya yi suna wajen koya wa ɗalibi tuhumar majiya kafin ya yarda da ita. Gidan Arewa da ma'ajiyar takardu ta ƙasa duk suna Kaduna. Akwai Jami'ar Bayero a Kano, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, garin da ke da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. A Nijar akwai Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, inda Djibo Hamani ya koyar, kuma cibiyar bincikenta na riƙe da tarin littattafan hannu da Boubou Hama ya fara tarawa. Wanda ya yi jarrabawar WAEC a Ghana, Najeriya ta san takardarsa, sai dai ya bi ta JAMB. Dole kuma iyaye su sa yajin aikin malamai a lissafi, domin na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. A Nijar digirin farko shekara uku ne kuma da Faransanci ake yi, a Najeriya da Ghana shekara huɗu. Riba mafi girma a wannan hanya ita ce yaron da Hausarsa ta fara gauraya da Tuwi ko Larabci zai dawo da harshe gangariya.

Hanya ta uku ita ce Turai da Amurka, kuma ita ta fi shafar 'ya'yan da aka haifa a can. Makarantar SOAS ta Landan ta daɗe da nazarin Hausa, Birmingham ta kafa cibiyar nazarin Afirka ta Yamma a 1963, ɗakin karatu na Jami'ar Northwestern a Amurka kuma yana ajiye da littattafan Malam Umaru Falke na Kano. Amma a yi hattara. Jami'o'i da yawa masu manyan suna ba su da malamin tarihin Afirka ta Yamma ko ɗaya, kuma wanda ya zo daga waje yakan biya ninkin abin da ɗan ƙasa ke biya. Mutane da yawa sun ga ya fi sauƙi a yi digirin farko a Afirka, a nemi tallafin na biyu a can.

Abin da za a duba

Jerin jami'o'in da suka fi fice a duniya ba zai amsa wannan tambaya ba. A shiga shafin sashen tarihi a intanet, a karanta kwasa-kwasan shekara bayan shekara, a ƙirga nawa ne suka shafi Afirka ta Yamma, da Musulunci, da kasuwanci da ƙaura. A duba sunayen malamai da abin da suka rubuta, a kuma tabbatar suna nan ba su yi ritaya ba. A tambaya ko ana iya haɗa tarihi da Larabci ko Faransanci. Jamusanci ma yana da amfani, tunda Kamaru da yankin Kete-Karachi sun zauna ƙarƙashin Jamus har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wanda ya yi makarantar allo ya riga ya riƙe rabin makaman aikin. A ƙarshe a ji ko a shekarar ƙarshe ana barin ɗalibi ya zaɓi batun bincikensa, ya fita ya yi hira da mutane.

Tambayar uba game da abinci tana kan hanya, kuma tana da amsa. Masu digirin tarihi suna koyarwa, suna aikin jarida a sassan Hausa na gidajen rediyo, suna aiki a gidajen tarihi da ma'ajiyar takardu da ofisoshin jakadanci, wasu kuma sukan ɗora da karatun lauya. Ba hanyar kuɗin dare ɗaya ba ce, amma sana'a ce ta mutunci.

Kira ga sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin Hausawa na ƙetare shi ne su ware wani abu daga asusunsu, su ɗauki nauyin ko da ɗalibi ɗaya a shekara ya karanta tarihi, da sharaɗin ya rubuta bincikensa kan unguwarsu, su kuma buɗe masa adakokinsu. Dattawan da suka ga korar 1969 da idonsu suna ta ƙarewa, kuma abin da ba a ɗauka daga bakinsu yanzu ba, ba za a sake samunsa ba.