Faifan Malam Maman Barka da Makomar Kiɗan Biram

A cikin shekarar 2009 wani kamfanin faya-fayai na birnin Landan, mai suna World Music Network, ya fid da faifan Malam Maman Barka, mawaƙin nan na Jamhuriyar Nijar. Sunan da suka sa wa faifan da Turanci shi ne "Introducing Mamane Barka", watau ga wani mawaƙi za a gabatar wa duniya. Duk wanda ya saba sauraron rediyon Yamai, ko ya saba tsayawa wurin masu sayar da kaset a Damagaram da Kano, in ya ji wannan suna sai ya yi murmushi. Gama a sa'an nan Malam yana da shekara wajen 50, ya kuwa daɗe da yin suna a ƙasar Hausa.

An haifi Malam Maman Barka a Tesker, cikin jihar Damagaram, wajen 1959. Asalinsa daga Tubawa makiyaya ne. Ya yi karatun zamani har ya zama malamin makaranta, shi ya sa har ya bar duniya ana kiransa Malam. Abin kiɗansa na farko shi ne gurumi mai tsarkiya biyu, ɗan'uwan gurmin da mu ka sani a hannun marigayi Haruna Uji na Haɗeja. Da shi ya yi waƙoƙin Hausa da suka ratsa Nijar da Nijeriya ta Arewa.

To, amma faifan da mu ke magana ba na gurumi ba ne, na biram ne. Biram kuwa abin kiɗan Buduma ne, masuntan nan da makiyayan da ke zaune a tsibiran Tafkin Cadi. Ana sassaƙa shi da itace, sifarsa kamar ta jirgin ruwa, a rufe shi da fata, a ɗaura masa tsarkiya biyar. Buduma ba su ɗauke shi abin wasa ba, suna cewa akwai wani aljanin ruwa, Kargila, da ke tsaronsa. Saboda haka ba kowa a ke koya wa ba. Da zamani ya juya, samari suka daina neman koyo, sai masu kaɗa shi suka yi ta ƙarewa, har ya zama wani tsoho, Bukar Tar, shi kaɗai a ke ambata a matsayin gwaninsa.

A 2002 Hukumar Ilmi da Al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNESCO, ta ba Malam taimakon kuɗi don ya tafi bakin tafki ya koyi biram. Ku duba wannan al'amari, jama'a. Mutum ya riga ya shahara, ana sa waƙarsa a rediyo, sa'an nan ya ajiye girma ya koma almajiri a gaban wani tsoho na ƙauye, yana koyon kiɗa da waƙoƙin harshen da ba nasa ba. Bukar Tar ya karɓe shi, ya koya masa, ya kuma ba shi biram ɗinsa. Bayan 'yan shekaru tsohon ya rasu, amana ta koma wuyan Malam.

Daga nan ya shiga yawo da biram. A 2005 ya kaɗa shi a wani bikin kiɗan Sahara a ƙasar Maroko. A 2008 aka gayyace shi Ingila, wurin babban bikin kaɗe-kaɗen duniya da a ke kira WOMAD, tare da abokinsa Umaru Adamu, Bahaushe ɗan gidan kiɗa, mai kaɗa duma da kalangu da ƙwarya. A can ne wani gwanin ɗaukar murya, Paul Borg, ya shigar da su ɗaki ya ɗauki faifan. Ba a cika shi da kayan kiɗan Turawa ba. Murya ce, da biram, da kiɗan Umaru, shi ke nan.

Masu rubutu kan kiɗa a Turai sun karɓi faifan da hannu biyu. Abu biyu suka fi riƙewa. Na ɗaya, amon biram mai kauri da yadda ya ke tafiya tare da gangunan Umaru. Na biyu, labarin kansa, cewa ga mutum ɗaya tak da ya rage yana riƙe da kiɗan wata al'umma. Kusan duk inda aka ambaci Malam a can, sai an liƙa masa laƙabin gwanin biram na ƙarshe.

Lalle yabo ne, ya kuma cancanta. Amma fa yabon wanda ya ji amo ne bai ji magana ba. A wurinmu ana auna mawaƙi da abin da ya faɗa: hikimarsa, da habaicinsa, da gargaɗinsa. Da wannan ma'auni mutanen gida suka ɗaukaka Malam tun yana riƙe da gurumi, kamar yadda suka ɗaukaka Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos. Baturen da ba ya jin Hausa, balle Budumanci, ba shi da hanyar sanin wannan. Mu kuma da mu ke jin Hausarsa, kaɗan ne daga cikinmu suka kula da abin da ya je bakin tafki ya ɗauko. Kowane ɓangare rabin mutumin ya gani.

Darajar faifan ta ƙara bayyana daga baya. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye ƙwarai saboda fari. Sa'an nan fitinar Boko Haram ta zo, har a 2015 gwamnatin Nijar ta umurci mutanen tsibiran su tashi. Ran 21 ga Nuwamba, 2018, Malam Maman Barka ya rasu a Yamai. Allah Ya jiƙansa. Da ba a shigar da shi ɗakin nan ba a 2008, da mai son jin biram yau ya sha wuyar nema. Ashe gaskiya ne, da tsohuwar zuma a ke magani.

Wannan magana ta shafe mu. A garuruwa irin su Toranke, da sauran ƙasar Gaya da Ajingi, an san gangar noma da ke zuga samari ran gayya, an san garayar maharba da kukuma. Masu kaɗa su sun manyanta, 'ya'yansu kuwa da yawa sun kama wata sana'a. Ba sai an jira Bature ya zo ya gabatar mana da namu ba. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, da malaman Hausa na Jami'ar Bayero, da gidajen rediyo, suna iya bin dattawan nan har gida, a ɗauki muryarsu da kyau, a rubuta kalmomin da ma'anarsu, a kuma taimaki yaro ɗaya ko biyu su zauna su koya. Hakimai da dagatai su ne suka san inda su ke. Tun ran gini, ran zane.