Mota mai gudu da ba za ta cinye albashi ba: abin da mai saye ya kamata ya duba

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, hirar masu mota a Najeriya ta sauya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce 1,000 a wurare da dama. Manyan motoci da yawa sun koma zaman gareji.

Duk da haka sha'awar mota mai tashi ba ta mutu ba, musamman a tsakanin matasa ma'aikata da 'yan kasuwa masu yawan bin hanyar Kano zuwa Abuja. Ba kuma son burga ne kaɗai ba. Wanda ya taɓa ƙoƙarin wuce tirela a hanya mai hannu ɗaya, ya taka totur motar ta ƙi amsawa ga wata na tahowa, ya san amfanin inji mai ƙarfi.

Tambayar ita ce wace mota ce ta hannu za ta ba da wannan ƙarfi ba tare da ta mayar da mai ita ɗan gidan bakanike ba. Yawancin masu saye kan tsaya a kan shan mai. Amma idan aka bi lissafin a hankali, mai ba shi ne babban ramin ba.

Lissafin mai

A ɗauki Toyota Camry ƙirar 2007 zuwa 2011, wadda ake kira Muscle. Tana zuwa da inji iri biyu: mai silinda huɗu, da V6 mai lita 3.5 da ke ba da ƙarfin doki 268. Mai silinda huɗu ta farko, mai lita 2.4, ƙarfin doki 158 take da shi. Tazarar ƙarfin ta wuce doki 100, amma a ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka bambancin shan mansu bai wuce kusan lita ɗaya a kowace tafiyar kilomita 100 ba.

Mutumin da ke yin kilomita 1,500 a wata, ƙarin lita 15 ke nan. Ko an ƙaddara lita a naira 1,000, kuɗin naira 15,000 ne. A cunkoson cikin gari da na'urar sanyi a kunne tazarar za ta fi haka, kuma mai nauyin ƙafa zai fi kowa jin ta. Sai dai ko an ninka kuɗin, bai kama ƙafar abin da akwatin giya ɗaya zai ci idan ya lalace ba.

Abin da ya sa wannan V6 ɗin ya yi fice shi ne ba baƙo ba ne. Irinsa ne a cikin Highlander da Sienna da Avalon da Lexus RX 350 da ES 350, motocin da suka cika titunan ƙasar. Don haka kayansa na nan a Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja, kuma ba sai an yi cigiyar wanda ya iya kwance shi ba. Sarƙa yake amfani da ita wajen taimin, ba bel ba. Yana da rauni guda da aka sani: a na farko-farko akwai wani tiyon roba mai kai baƙin mai da kan fashe, wanda daga baya kamfanin ya maye gurbinsa da na ƙarfe. A tambaya ko an sauya shi. Abin mamaki, ƙaramin injin mai lita 2.4 na shekarun 2007 zuwa 2009 shi ne ya yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai, ba babban ba.

Honda, Lexus da Vibe

Honda Accord ta 2008 zuwa 2012, wadda wasu ke kira Anaconda wasu kuma Evil Spirit, ta fi Camry daɗin sitiyari da riƙe hanya a kwana. A nan shawarar ta juya: mai silinda huɗu ta fi kwanciyar hankali. Samfurin EX na ba da ƙarfin doki 190 daga inji mai lita 2.4 da sarƙa, wanda ya isa duk wani wuce tirela. V6 ɗinta bel take amfani da shi, idan kuma ya tsinke ana cikin tafiya injin ne ke tafiya da shi. Wanda ya sayi V6 bai ga shaidar an sauya bel ba, to ya sa kuɗin sauyawa a cikin farashin motar tun daga farko. Accord ta 2003 zuwa 2007 kuwa an san ta da karyewar ƙafar gaba idan aka yi sakaci ko aka sa mata jabun kaya.

Lexus IS 250 ita ce ke ɗaukar hankalin samari. Tana da kyau, tayoyin baya ne ke tura ta, ƙarfin doki 204. Amma injinta na fesa mai kai tsaye cikin silinda, abin da ke sa dauɗar hayaƙi taruwa a kan bawul, kuma an ƙera ta ne don fetur mai inganci sosai. Ga ta a ƙasa-ƙasa, kujerar baya a matse. Mai zama a unguwar da damina ke cinye hanya zai riƙa jin cikinta na goge ƙasa.

Akwai kuma wadda ba a cika lura da ita ba. Pontiac Vibe, da ake gani ko'ina a Arewa har a tashoshin haya, Toyota ce a ciki. Samfurinta na GT na 2003 zuwa 2006 na ɗauke da inji mai lita 1.8 da Yamaha ta taimaka wajen ƙerawa, wanda ya fara fitowa da ƙarfin doki 180. Giyar hannu ce mai shida, babu atomatik, kuma sai an ja ta sama sosai ƙarfin ke fitowa. Ba ta da yawa a kasuwa, kayan injinta ma ba su kai na Vibe ta gama-gari samuwa ba.

Motocin Jamus

Mercedes C300, BMW 335i da Golf GTI sun fi duk waɗannan daɗin tuƙi, kuma sau da yawa farashin ta hannu kan ba da mamaki don arha. Arhar tana da dalili. BMW na wannan zamani na amfani da famfon ruwa na lantarki da kayan sanyaya inji na roba, waɗanda zafin watan Afrilu ba ya raga musu. Injin 335i mai tarbo biyu an san shi da lalacewar famfon mai. Giyar DSG ta GTI na son a sauya mata mai duk kilomita 60,000, da man da aka yi dominta. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, duk kayan da sai an yi odarsa daga waje farashinsa na bin dala. Wanda ke da ƙwararren bakanike da kuɗin ko-ta-kwana zai more su. Mai albashi ɗaya kuwa ya yi tunani sau biyu.

Ranar duba mota

Sunan mota ba ya gyara halin da take ciki. Yawancin motocin da ake kira Beljiyam daga Amurka da Kanada suke zuwa, da dama kuma daga gwanjon kamfanonin inshora, bayan haɗari ko ambaliya. Lambar VIN mai haruffa da alƙaluma 17 da ke ƙasan gilashin gaba na iya fito da tarihin motar a intanet, wani lokaci har da hotunanta ranar gwanjo. A ɗaga kafet a duba laka ko tsatsa, a sa kwamfuta a duba ta, a kuma je da safe kafin dillali ya ɗumama injin, domin ƙara da hayaƙi a sanyi suke tona kansu.

Idan motar an hau ta a gida, a leƙa ƙarƙashi a ga ko matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi, tana nan. Ana yawan cire ta saboda tsadar ƙarafan cikinta. A tambaya ko an cire tamostat an haɗa fanka kai tsaye, al'adar da ke hana inji kai zafin da ya dace, ta kuma ƙara masa shan mai. Haka batun baƙin mai: waɗannan injina mai ruwa-ruwa irin 5W-30 ko 5W-20 suke so, ba mai kauri 20W-50 da ake zuba wa kowace mota ba.

Takardun kwastam ma ba abin wasa ba ne. A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma motar da takardunta ba su cika ba ana iya kama ta a hanya ko shekara nawa ta yi a hannun mai ita.

Mai tunanin mayar da motarsa mai amfani da iskar gas ta CNG nan gaba shi ma ya duba tun yanzu. Injinan Camry da Accord na karɓar wannan sauyi cikin sauƙi, amma masu fesa mai kai tsaye irin na IS 250 da GTI na buƙatar kayan aiki na musamman masu tsada. Tukunyar gas ɗin kuma za ta ci wani yanki mai yawa na but, ƙarfin motar ma zai ɗan ragu.