Bindigar Kara a Tungar Daji

Tun kaka da kakanni yaran karkara ke fere karan dawa su yi bindiga, babu wanda ya damu. Amma a ƙasar Anka da Bukkuyum, inda 'yan bindiga suka yi wa ƙauyuka kisan gilla a Janairun 2022, wasan ya sauya: yanzu ana "kama" yaro, a biya fansarsa da ganye.

Iyaye da yawa sai su ɗauki bulala. A ganina kuskure ne. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Anna Freud ta lura yaran Landan da suka sha ruwan bama-bamai suna maimaita harin a wasa; ta nan suke amayar da tsoron da baki ya kasa faɗa. Duka toshe wannan kafa kawai yake yi.

Abin dubawa shi ne yadda wasan ke ƙarewa. In an watse da dariya, a ƙyale su. In kuwa kullum yaro shi ne ɗan bindiga, yana ji wa ƙannensa ciwo da gangan, yana firgita cikin barci, to mahaifiyarsa ta zaunar da shi, ta tambaye shi abin da ya gani.